Amsa ga mai bandiri da ke son koyon daf na Farisa da Kurdawa

Tambayar ta zo ne daga wani ɗan'uwa da ke buga bandiri a majalisin zikiri a Kano. Ya ce ya ga bidiyon makaɗan Iran suna buga wani faffaɗan bandiri mai ƙarar ƙarfe a cikinsa, abin ya kwanta masa a rai, yana so ya san ta inda ake fara koyo, da ko sanin bandirin da yake da shi zai taimake shi, da irin wanda ya kamata ya saya, da kuma ko wajibi ne sai ya shiga hannun wani shehi na can kafin ya iya.

Malam, Allah ya ƙara maka himma, ya sa wa niyyarka albarka. Abin da ka gani sunansa daf, kuma kafin mu je ga riƙo da bugu ina so ka fahimci cewa abu biyu ka tambaya a cikin tambaya ɗaya. Akwai daf na dandalin waƙa, wanda ake koyarwa a makarantun kiɗa na Tehran da sauran biranen Iran, ana rubuta shi a takarda, ana nuna ƙwarewar yatsu da shi. Akwai kuma daf na zawiya, wanda muridan Ƙadiriyya na ƙasar Kurdawa suka riƙe tun kaka da kakanni, wanda aikinsa shi ne ɗaukar kalmar zikiri da numfashin jama'a. Na farkon daga na biyun ya fito, kuma duk wanda ya koyi na farkon bai san na biyun ba, za ka ji hannunsa yana gudu amma kiɗansa ba shi da nauyi. Shawarata a dunƙule ita ce ka fara da baki da ƙirga kafin hannu, ka fara da kiɗan zawiya mai tafiya a hankali kafin adon dandali, domin daf bawan kalma ne, ba a yi shi don ya yi magana shi kaɗai ba.

Shi daf da'irar katako ce mai faɗin da ya kai santimita 50 zuwa 55, zurfin bakinta kuma bai cika wuce santimita 5 zuwa 6 ba, an rufe fuska ɗaya da fata, galibi ta akuya, ɗaya fuskar a buɗe. Abin da ya raba shi da bandirinmu da kuma bandir na Maroko da Aljeriya shi ne abin da ke cikinsa. Na Arewacin Afirka tsirkiya ake miƙawa a ƙarƙashin fatar don ta riƙa zuza idan an buga. Shi kuwa daf, an kafa ƙananan ƙugiyoyi a jere a cikin katakon, kowace ƙugiya an rataya mata ƙawanyoyin ƙarfe uku ko huɗu masu sarƙe da juna, waɗanda Farisawa ke kira zanjir. Idan makaɗi ya motsa gangar sai ƙawanyoyin su daki fata ko katako, su ba da wannan ƙarar da ta ja hankalinka. A gefe ɗaya na katakon akwai ɗan gurbi da aka fafe domin babban yatsan hannun da ke riƙe da shi. Kada ka rikita shi da dayere, wanda ya fi shi ƙanƙanta kuma aka fi bugawa a bukukuwa, ko da tombak, gangar katako mai wuya wadda ita ce asalin abokiyar tafiyar kiɗan fadar Farisa. Kowannensu hanyar koyonsa daban.

Gidan daf na gaskiya shi ne yammacin Iran, musamman birnin Sanandaj, hedikwatar lardin Kurdistan, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin biranen kiɗa a shekarar 2019, sai kuma Kurdawan Iraƙi da na kudu maso gabashin Turkiyya, inda ake kiransa erbane. A nan ne za ka ga cewa kai ba baƙo ba ne a wannan fage. Zawiyoyin da suka riƙe daf, waɗanda su suke kira khanaƙa ko takiya, mafi yawansu na Ƙadiriyya ne, ɗarikar Shehu Abdulƙadir Jilani, wanda ya rasu a Bagadaza a shekarar 1166, wato ɗarikar da marigayi Shehu Nasiru Kabara ya ɗaukaka a Kano har ya tsaya tsayin daka wajen kare bandiri a zikiri. Maƙwabtansu 'yan Naƙshabandiyya sun fi karkata ga zikirin zuci, shi ya sa ba a san su da ganga kamar yadda aka san 'yan Ƙadiriyya ba. Majalisin Kurdawa yakan fara ne a zaune, da ƙasidun begen Annabi (SAW) da na waliyyai cikin Kurdanci da Farisanci da Larabci, daf yana biye da mai waƙa a hankali, sannan a yi hailala. Bayan nan sai a miƙe a yi da'ira, muridai masu dogon gashi su kwance rawunansu, su riƙa sunkuyawa suna ɗagowa tare da sunan Allah, a shigo da wata ganga mai siffar tasa da suke kira tas, kiɗa ya riƙa ƙara sauri mataki bayan mataki har sai halifa ya ba da alamar tsayawa. Mata a Sanandaj suna da nasu majalisan da nasu halifofin, kuma a watan Rabi'ul Awwal gari kan cika da mauludi da daf. A tsaunukan Hawraman ma, a bikin Pir Shalyar da ake yi a tsakiyar sanyi, daf ne ke jan taron.

Na tsaya a kan wannan ne saboda tsarin majalisin shi ne tsarin kiɗan. Wanda bai san dalilin da ya sa ake farawa a hankali ba, da abin da ke sa a ƙara sauri, da wanda ke da ikon cewa a ƙara, zai haddace bugun amma ba zai san inda ake ajiye shi ba.

Fitowar daf daga zawiya zuwa dandali ba ta daɗe ba. A shekarun 1970 ne Bijan Kamkar, ɗan wani sanannen gidan makaɗa na Sanandaj, ya shigar da shi cikin kiɗan gargajiyar Farisa lokacin da yake aiki da ƙungiyar Sheyda ta Muhammad Reza Lotfi. Kafin nan masu kiɗan birni ba su ɗauke shi a matsayin kayan aikinsu ba. Daga baya mawaƙa irin su Shahram Nazeri, Bakurden Kermanshah da ya shahara da rera baitocin Maulana Rumi, suka sa kunnen duniya ya saba da shi, makaɗa irin su Mas'ud Habibi suka tsara hanyoyin koyar da shi da buga shi a ƙungiya, har ta kai yau matasa maza da mata da yawa a Iran suna koyonsa ba tare da wata alaƙa da ɗarika ba. Yawancin bidiyon da ke yawo a intanet na wannan ɓangare ne, don haka idan ka ga mutum yana jefa daf sama yana caɓewa, yana kwararo yatsu kamar ba zai tsaya ba, ka sani ado ne na dandali. Yana da kyau, kuma ba na raina shi, amma ba daga nan ake farawa ba.

Game da bandirinka, zai taimake ka ƙwarai ta fuskar da ta fi wahalar koyarwa. Ka riga ka san yadda ake zama a ƙarƙashin muryar sha'iri ba tare da an danne ta ba, ka san yadda anfasu ke tafiya da bugu, ka san riƙe kari ɗaya na tsawon lokaci ba tare da ka gaji ka soma ƙawa ba. Ɗalibin da ya zo daga makarantar kiɗa yakan daɗe bai samu wannan ba. Inda zai cuce ka shi ne hannu. Mai bandiri ya saba da bugu da ƙarfin damtse da cikakken tafi, kuma ya saba da kiɗan da aka raba tsakanin mutane, wannan ya riƙe gindi, wancan ya yi amshi. Daf kuwa mutum ɗaya ne ke fitar da amon ƙasa da na sama da ƙarar ƙarfe a lokaci guda, da yatsu, daga wuyan hannu, gangar tana lilo a iska. Idan ka zo masa da ƙarfin bandiri, ƙawanyoyin za su yi ta hayaniya a inda ba a neme su ba, wuyan hannunka na hagu kuma zai yi ciwo kafin mako ya zagayo.

Riƙo shi ne rabin aikin. Ka tsaya ko ka zauna da bayanka a miƙe, ka ɗora ƙasan katakon a kan tafin hannunka na hagu, babban yatsa ya shiga gurbinsa ta ciki, sauran yatsu huɗu su faɗo a kan fatar ta waje a sake, domin su ma za su yi bugu. Nauyin gangar ya zauna a kan tsokar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya, ba a matse shi da yatsu ba. Hannun dama ya zo daga gefe, babban yatsansa ya jingina da bakin katakon ya zama madogara, sauran yatsun su riƙa juyowa su sauka a kan fata. Fuskar gangar ta kalli gaba, tsakiyarta kusa da tsayin fuskarka, ta ɗan karkata gaba kaɗan don ƙawanyoyin su kwanta su yi shiru. Gwiwoyin hannu kada su manne da haƙarƙari, kada kuma su tashi sama, kafaɗu su sauka. Ka ɗauki kwanaki kana wannan riƙon kawai na 'yan mintoci, kana ajiyewa da zarar ka ji zafi a wuyan hannu, domin ciwon jijiya a wannan wurin idan ya kama mutum yakan daɗe bai sake shi ba.

Bugu na asali uku ne. Na farko shi ne tom, amo mai zurfi, wanda ake samu idan yatsu huɗu a haɗe suka daki fata can wajen tsakiya suka tashi nan take, aka bar fatar ta yi kuka. Na biyu shi ne bak, amo siriri mai kaifi, wanda ake fitarwa da kan yatsu a daidai inda fata ta haɗu da katako. Na uku shi ne chap, wanda ake yi a tsakanin baki da tsakiya, yatsu su sauka su zauna a kan fatar su kashe amon, ya fito a bushe. Gwajin da nake ba duk mai farawa shi ne ya buga tom sau huɗu, bak sau huɗu, chap sau huɗu, a hankali ƙwarai, ya ɗauki sautin da wayarsa, sannan ya saurara ido rufe. Idan bai iya rabe su ukun da kunne ba, ko kuma ya ji ƙarfe yana magana a tsakani, bai kai ga darasi na gaba ba. Hannun hagu shi ne babbar matsala, domin yana riƙo yana bugu, kuma a farko amonsa kan fito a raunane kamar ba na ganga ɗaya ba. Maganinsa shi ne ka riƙa ba shi ninkin lokacin da kake ba dama, har sai bak ɗin hagu da na dama sun zama ba a iya bambance su. Daga nan ne ake gina riz, wato kwararon bugu mai sauri da hannaye biyu ke karɓa-karɓa, kuma riz ɗin da aka gina a kan hagu mai rauni kullum ɗingishi yake yi.

Sai ƙawanyoyi. Ka'idar da nake so ka riƙe ita ce: sai ka iya sa su yin shiru kafin ka koyi sa su magana. Idan lokacin ya yi, motsin yana kama da na mai bakace da faifai, a ɗan cilla gangar sama da wuyan hannu, ƙawanyoyin su tashi, a tare su yayin saukowa su zubo a kan fata a daidai bugun da ake so. Akwai kuma karkatawa gaba da baya, wadda ke sa su daki fata su koma, da girgizawa gefe da gefe mai ba da dogon shuu a ƙarƙashin waƙa. Wahalar ita ce ƙarfen yana makara, ba ya sauka a lokacin da hannu ya motsa sai bayan ɗan taƙi, saboda haka dole motsinka ya riga bugun. Wannan ba a bayyana shi da baki har ya wadatar, jiki ne ke gano shi da maimaici.

Yanzu ga zuciyar al'amarin, wato karin kiɗa. Kurdawa suna kiran karuruwan zawiya maƙamai, kuma kowanne da sunansa da wurinsa a majalisi. Daga cikin sanannu akwai Hay Allah, da Hay Allah Allah, da Da'im, da Haddadi, da Gausi, da Maddahi, da Saƙƙizi, da Garyan, da Zikri Duwwum. Dubi sunayen da kyau, za ka ga wasunsu lafazin zikirin ne da kansa, wani an jingina shi ga Gausi, laƙabin Shehu Abdulƙadir, wani ga madahu, wani ga garin Saƙƙiz. Wannan yana nuna maka cewa ba a ƙirƙiro su a kan takarda ba, daga bakin masu zikiri aka ɗebo su. Saboda haka hanyar koyonsu da ta fi inganci ita ce ka saurari majalisi na gaske, ka riƙa furta lafazin tare da su har ya zauna a numfashinka, sannan ka faɗi bugun da baki, tom bak bak tom bak, kana tafa cinya, sai a ƙarshe ka ɗauki ganga. Abin da bakinka bai iya faɗa daidai ba hannunka ba zai buga shi daidai ba.

Ka fara da Da'im da Haddadi da Hay Allah, domin ƙirgarsu bibbiyu da hurhuɗu ce, kunnenka ya san su. Masu tafiya a kan shida da goma sha biyu, irin su Maddahi da Saƙƙizi, su ma ba za su ba Bahaushe wuya ba, tunda kiɗanmu cike yake da irin wannan rangaji, sai dai ka lura da inda su suke ɗora nauyi, wanda ba kullum yake daidai da inda muka saba ba. Inda za ka yi gumi shi ne karin da ƙirgarsa ba ta rabuwa daidai. Garyan a kan bakwai yake tafiya, Hay Allah Allah kuma a kan goma. Kunnen da ya tashi a kan huɗu da shida zai riƙa ƙara bugu ɗaya a ɓoye don ya cike bakwai ta zama takwas, mai yin hakan kuma ba ya ji, sai wanda ke saurare. Dabarar ita ce kada ka ƙirga ɗaya zuwa bakwai a jere, ka kasa ta gida-gida, ɗaya-biyu-uku, ɗaya-biyu, ɗaya-biyu, kana taka ƙafa a kan kowane ɗaya, kana tafiya da ita a tsakar gida har ta daina zama lissafi ta koma tafiya. Goma ma haka, kuma kyakkyawan abin gwaji shi ne karin jurjina na Iraƙi da Kurdawa, wanda ake kasawa uku, biyu, biyu, uku. Ka sa manhajar ƙirga bugu a wayarka, ka saita ta a kan 60 a minti, kada ka ƙara sauri sai ka iya riƙe kari ɗaya na minti biyar ba tare da ka zame ba.

Akwai wata ƙofa da nake ganin ɗalibin ilimi a ƙasar Hausa ya fi wasu kusa da ita, ita ce aruli. Waƙar Farisanci a kan ma'aunan Larabci aka gina ta, kuma mai daf da ke raka baiti dogayen gaɓoɓi da gajeru yake bi. Masnawi na Maulana Rumi, alal misali, a kan bahrin ramal yake, fa'ilatun fa'ilatun fa'ilun. Idan ka taɓa zama gaban malami ka yanka baiti, ko ka rera Ishiriniya da Burda har karinsu ya zauna maka, to ka riga ka san abin da ake nufi da kari ya fito daga kalma. Ka gwada mai da kowace doguwar gaɓa tom, kowace gajeruwa bak, ka ji yadda baitin ke kaɗa kansa. Tsofaffin masana kiɗa na Bagadaza, irin su Safiyuddin Urmawi da ya rasu a shekarar 1294, da gaɓoɓin baki irin su tan da tanan suke bayyana zagayen kiɗa.

Idan bincikenka ya kai ka ga sufaye masu juyi na birnin Konya a Turkiyya, ka sani wannan wani gida ne. Mauluwiyya, mabiya Maulana Rumi da ya rasu a 1273, sarewar ney da ƙananan tambura biyu da ake kira kudum su ne ginshiƙin kiɗansu, bandir yana raka su, kuma zagayen kiɗansu na Daular Usmaniyya ta Turkiyya ne. Kada ka haɗa koyon biyun a lokaci ɗaya.

Tambayarka ta ƙarshe, ko sai ka shiga hannun shehi, amsarta ta danganta da abin da kake nema. Riƙo da bugu da maƙamai sana'a ce, kowa yana iya koyonta daga duk wanda ya iya, kuma da yawa daga manyan malaman daf na yau ba muridai ba ne. Amma buga daf a cikin halƙar zikiri hidima ce, tana da izini da ladabi, kuma wannan ba a bidiyo ake samunsa ba. Tunda kana da majalisi kana da muƙaddami, ba ka bukatar neman wani shehi a Sanandaj, abin da ya kamace ka shi ne kada ka shigo da baƙuwar ganga cikin halƙa sai ka nemi yardar wanda ke jagorantar ta, domin ƙarar ƙawanya tana iya rinjayar muryoyi ta ɗauke hankalin masu zikiri. Su kansu muridan Kurdawa da yawa ba sa ɗaukar daf sai da alwala, kuma ba sa ajiye shi inda za a tsallake shi. Ta fuskar hukunci, ka san hadisan duffi a ranar idi da wajen aure sun tabbata, ka kuma san malamai sun yi saɓani a kan duffi mai ƙararrawa da kuma a kan kiɗa a zikiri. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a Ihya'u a kan ladubban sama'i, wato sauraren waƙa da kiɗa, ya halatta shi da sharuɗɗa, ya kuma kawo maganar Junaidu cewa sama'i yana bukatar lokaci da wuri da 'yan'uwa da suka dace, yayin da Ibnul Jauzi da Ibnu Taimiyya suka yi inkarinsa da ƙarfi. Ni mai koyar da hannu ne, wannan ɓangare ka kai shi gaban malaminka. Abu ɗaya da zan faɗa da bakina shi ne, za ka ci karo da bidiyon wasu muridai suna soka ƙarfe a jikinsu a tsakiyar zikiri. Wannan ba ya cikin koyon daf, kuma kada sha'awa ta kai ka kusa da shi.

Malami mai rai ya fi kowane bidiyo, ko da ta waya ne sau biyu a wata, saboda kuskuren riƙo mai shi ba ya ganinsa, kuma idan ya zauna cire shi ya fi koyon sabo wuya. Akwai Iraniyawa da Kurdawa da yawa da ke koyarwa ta intanet, kuma waɗanda ke zaune a Turkiyya ko Turai sun fi sauƙin biya saboda takunkumin da ke kan bankunan Iran. Kafin ka amince da malami, ka roƙe shi ya buga maka Hay Allah a hankali ya kuma faɗa maka a wane sashe na majalisi ake yin sa. Wanda ya amsa wannan da sani ya fi maka wanda ya burge ka da sauri. Wajen nema, rubuta kalmomin da haruffan ajami na Farisanci, دف (daf) da kuma آموزش دف (koyar da daf), zai fito maka da darussan da rubutun boko ba ya kaiwa gare su, idan kuma ka ƙara sunan Sanandaj da kalmar khanaƙa za ka samu majalisai na gaske. Ka ba saurare lokaci daidai da wanda kake ba bugu.

Wajen saye, ina ba ka shawarar ka fara da mai fatar roba, duk da na san amon fatar akuya ya fi ɗumi da zurfi. Dalilina yanayinmu ne. Fatar dabba tana shan laima, da damina za ta saki ta koma ba ta da murya, da hunturu kuma iskar Kano mai bushewa za ta ɗame ta har ta iya yagewa ko ta murɗe katakon, mai koyo kuwa yana bukatar gangar da amonta na yau shi ne na gobe don ya san ko hannunsa ne ya gyaru. Ka nemi marar nauyi, domin hannu ɗaya ne zai ɗauke ta, idan kuma tafinka ƙarami ne ka ɗauki mai santimita 50 maimakon 54. Ka kwantar da ita a kan tebur ka ga ko katakon ya zauna daidai ba ya rawa, ka shafa bakin ka ji ko akwai kaifin da zai ci yatsa, ka duba ƙugiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ka buga tom a wurare daban-daban na fatar ka ji ko amon iri ɗaya ne. Idan daga baya ka sayi mai fatar akuya, ka ajiye ta a jakarta nesa da rana da bango mai danshi. In ta saki, ka ɗumama ta a hantsi na ɗan lokaci ko ka murza ta da tafi, kada ka kanga ta a wuta kai tsaye, in kuma ta ɗame da yawa ka shafa mata ɗan danshi da hannu ta ciki ka jira. Ka kuma kula da kunnenka, domin gangar kusa da fuska take kuma ƙarar ƙarfen tana da kaifi, saboda haka idan za ka daɗe kana bugu a ƙaramin ɗaki ka toshe kunne da abin toshewa. A watannin farko ma kana iya manne ƙawanyoyin da tef ko ka cusa ƙyalle a bayansu, ka yi aikin tom da bak da chap a kan fata zalla, sannan ka sake su idan amon ukun ya rabu sarai.